Kakar UConn ta 2014 da haƙƙin waɗanda suka zubar da gumi

A daren 7 ga Afrilu, 2014, mutane 79,238 ne suka cika filin wasa na AT&T da ke Arlington a jihar Texas ta Amurka, domin kallon wasan ƙarshe na gasar ƙwallon kwando ta maza ta jami'o'in ƙasar. Jami'ar Connecticut, wadda aka fi sani da UConn, ta doke Jami'ar Kentucky da ci 60 da 54, ta ɗauki kofin karo na huɗu a tarihinta. A wannan dare gidajen talabijin sun samu kuɗi, masu horarwa sun samu, masu otal da masu sayar da riguna sun samu, har ma'aikacin da ke goge daɓen filin ya koma gida da ladan aikinsa. Samarin da aka taru dominsu kaɗai ne dokar hukumar wasannin jami'o'i, wato NCAA, ta haramta a ba su ko sisin kwabo saboda wasan da suka buga. Ra'ayina shi ne waɗannan samari aiki suka yi, kuma an danne musu ladansa da sunan cewa su ɗalibai ne, alhali karatun ma da aka fake da shi ba a kula musu da shi yadda ya kamata ba. Kakar UConn ta 2013 zuwa 2014 ta fi kowace kaka fito da wannan fili, shi ya sa nake ganin ya kamata a bi ta daki-daki.

Wanda bai saba bin wasannin Amurka ba zai iya ɗauka cewa gasar jami'o'i wasan motsa jiki ne na bayan darasi. Ba haka abin yake ba. A duk watan Maris ake fara gasar, a 2014 ƙungiyoyi 68 ne suka shiga, wanda aka doke sau ɗaya ya tafi gida, kuma cikin makonni uku ƙasar baki ɗaya takan koma kallonta. A 2010 kamfanonin CBS da Turner sun amince su biya NCAA dala biliyan 10.8 cikin shekara 14 domin nuna wasannin, a 2016 kuma aka tsawaita yarjejeniyar zuwa 2032 da ƙarin dala biliyan 8.8. Mafi yawan kuɗin shigar hukumar daga wannan gasa ta mako uku yake fitowa.

UConn ta shiga kakar ne da tabon hukunci a jikinta. NCAA tana da ma'aunin da take auna ci gaban karatun 'yan wasan kowace ƙungiya, tana duba ko sun ci gaba da zama a makaranta da kuma ko suna cin jarrabawar da za ta ba su damar buga wasa. Makin UConn na shekarun ƙarshe na zamanin koci Jim Calhoun, mutumin da ya kawo wa jami'ar kofuna uku a 1999 da 2004 da 2011, ya faɗi ƙasa da abin da aka ƙayyade, sai aka hana ƙungiyar shiga gasar 2013. Abin tambaya shi ne wa hukuncin ya faɗa wa. Yawancin 'yan wasan da suka jawo faɗuwar makin sun riga sun bar jami'ar. Calhoun ya yi ritaya a watan Satumban 2012 da darajarsa. Waɗanda aka rufe wa ƙofa su ne yaran da ke makarantar a lokacin, waɗanda a shekarar da aka hukunta su ɗin ma suka samu cikakken maki 1,000 a wannan ma'auni. Na yarda a auna karatun 'yan wasa, har ma ina ganin ma'aunin bai kai tsananin da ya dace ba, amma hukuncin da ya tsallake wanda ya ɗebo yaran da wanda aka ɗora wa alhakin lura da karatunsu, ya sauka a kan ƙannensu da suka zo daga baya, ba adalci ba ne.

Da labarin takunkumin ya tabbata, ƙungiyar ta watse. Jeremy Lamb da Andre Drummond suka tafi gasar ƙwararru ta NBA, Alex Oriakhi ya koma Jami'ar Missouri, Roscoe Smith ya koma Jami'ar Nevada da ke Las Vegas. Shabazz Napier, ɗan unguwar Roxbury ta birnin Boston, wanda yana shekararsa ta farko aka ci kofin 2011 da shi, ya zauna. Haka Ryan Boatright da DeAndre Daniels da Bajamushe Niels Giffey. An ba Kevin Ollie, tsohon ɗan wasan jami'ar, aikin koci da kwantiragin 'yan watanni kacal, kamar ana gwada shi. Sun buga kakar 2012 zuwa 2013 sun san ko duk wasanninsu suka ci babu inda za su je, amma duk da haka suka ci 20 suka sha kashi a 10.

Kakar da ta biyo baya ba ta tafi musu sumul ba. A ranar 2 ga Disamba, 2013, Napier ya jefa ƙwallo daidai lokacin da ƙararrawar tashi ke bugawa, suka doke Florida da ci 65 da 64, mutane suka fara kallonsu da daraja. Bayan nan Stanford ta doke su a gida, Houston ta doke su, Jami'ar Southern Methodist (SMU) ta doke su sau biyu. A ranar 8 ga Maris, 2014, a wasansu na ƙarshe kafin gasanni, Louisville ta lallasa su da ci 81 da 48, tazarar maki 33, sannan mako guda bayan haka ta sake doke su a wasan ƙarshe na gasar rukunin jami'o'in da suke ciki. Da aka fitar da jadawalin babbar gasa, an sanya su na bakwai cikin 16 a shiyyarsu, matsayin da babu ƙungiyar da ta taɓa cin kofi daga shi.

Saura ƙiris ma tafiyar ta ƙare a wasan farko. A birnin Buffalo, Jami'ar Saint Joseph's tana gaba da maki uku, ƙasa da minti ɗaya ya rage. An jefa ƙwallo ba ta shiga ba, sai wani dogon yaro na UConn ɗan shekarar farko, Amida Brimah, wanda ya taso a Accra ta ƙasar Ghana yana buga ƙwallon ƙafa kafin ya koyi ta kwando yana matashi, ya cafke ta a ƙarƙashin kwandon ya mayar da ita ciki, aka kuma yi masa ƙeta. Daƙiƙa 39 suka rage. An ba shi jifa ɗaya daga layin da ake tsayar da wanda aka yi wa ƙeta, shi kuwa a kakar nan kusan rabin irin wannan jifa ba ya shigar masa. Ya tsaya ya jefa, ta shiga, aka yi kunnen doki, aka tafi ƙarin lokaci, UConn ta ci da 89 da 81. Ina so mai karatu ya riƙe wannan jifa a ransa, domin tana da farashi. NCAA tana raba wani kaso na kuɗin talabijin ga rukunonin jami'o'i gwargwadon yawan wasannin da ƙungiyoyinsu suka buga a gasar, kuma a wancan lokaci kowane wasa yana jawo kusan dala 250,000 a shekara har tsawon shekara shida. Da ƙwallon Brimah ta kuskure, da wasannin da suka biyo baya da miliyoyin da suka zo da su ba su samu ba. Shi kuwa da wani mai kantin abinci a garin Storrs, inda jami'ar take, ya ba shi dala 100 don jin daɗin abin da ya yi, da an dakatar da shi.

Daga nan ƙungiyar ta zama wata aba dabam. Sun fitar da Villanova, wadda ke matsayi na biyu a shiyyar, sannan a zauren Madison Square Garden na New York suka doke Iowa State da Michigan State. A wasan kusa da na ƙarshe suka sake haɗuwa da Florida, wadda tun kashin da ta sha a hannunsu a Disamba ta ci wasanni 30 a jere. Florida ta fara da ci 16 da 4, amma aka tashi UConn na da 63, Florida na da 53, Daniels ya ci maki 20. Sirrinsu ba ɓoyayye ba ne: Napier da Boatright, waɗanda dukansu gajeru ne a ma'aunin wannan wasa, sukan matsa wa mai riƙe da ƙwallo tun daga tsakiyar fili har ya rasa inda zai miƙa ta, kuma idan aka yi musu ƙeta ba sa ɓarar da jifansu. A wasan ƙarshe Kentucky ta fito da 'yan shekarar farko biyar, cikinsu har da Julius Randle, waɗanda kowa ya san hanyar NBA suka nufa. Kentucky ta samu jifan ƙeta 24 ta shigar da 13, UConn ta samu 10 ta shigar da duka. Napier ya ci maki 22, aka zaɓe shi gwarzon gasar, kuma da aka miƙa masa abin magana a gaban duniya sai ya tuna wa NCAA cewa wannan ita ce ƙungiyar da ta hana shiga gasa a bara. Sun kammala kakar da nasara 32 da rashin nasara 8. Washegari ƙungiyar mata ta jami'ar ita ma ta ɗauki nata kofin ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba.

Maganar da ta fi kofin daɗewa a bakin mutane kuwa Napier ya yi ta ne tun kafin wasan ƙarshe. A ranar 26 ga Maris wani jami'in hukumar ƙwadago ta ƙasa a Chicago ya yanke cewa 'yan ƙwallon Amurka na Jami'ar Northwestern ma'aikata ne, suna da damar kafa ƙungiyar ƙwadago. 'Yan jarida suka tambayi Napier ra'ayinsa, ya ce yana godiya da gurbin karatu kyauta da aka ba shi, amma akwai daren da yakan kwanta da yunwa saboda ba shi da kuɗin sayen abinci, alhali yana ganin ana sayar da riga mai lambarsa. Jami'ar ta mayar da martani cewa 'yan wasanta suna da damar cin abinci a ɗakunan cin abincin ɗalibai iya abin da doka ta yarda. Wasu suka ce ƙari ya yi. Ni ban ga saɓani tsakanin maganganun biyu ba. Ɗakin cin abinci yana da lokacin rufewa, ɗan wasan da ya fito daga atisaye ko ya sauka daga jirgi da tsakar dare bayan ya ƙona ƙarfin da ɗalibi na gari ba ya ƙonawa a kwana biyu yana buƙatar ci, kuma dokar NCAA ta lokacin ta taƙaita abin da jami'a za ta ciyar da shi ga abinci sau uku a rana ko kuɗin da ya yi daidai da hakan. Yaron da iyayensa ke da hali sai ya kira gida. Wanda ba su da shi sai ya sha ruwa ya kwanta. A ranar 15 ga Afrilu, kwana takwas bayan wasan ƙarshe, majalisar dokokin NCAA ta amince a riƙa ciyar da 'yan wasa ba tare da iyaka ba. Gaskiya ne an daɗe ana tattauna wannan gyara kafin Napier ya yi magana, amma wannan ma abin kunya ne a kan hukumar, tunda ya nuna an san da matsalar aka bar ta tana jiran zaman kwamiti.

A watannin da suka biyo baya aka raba ganimar kakar. Ollie ya samu sabon kwantiragin shekara biyar na kusan dala miliyan 3 a shekara. John Calipari, kocin Kentucky, wanda aka doke, ya sa hannu a kan na shekara bakwai na dala miliyan 52.5. Ba na ƙyashin kowa a cikinsu, Ollie musamman ya karɓi ƙungiya a lokacin da ake gudunta ya riƙe ta. Sai dai a duba abin da ya faru da Boatright shekara biyu kafin nan: a shekararsa ta farko an hana shi buga wasanni 9 saboda binciken taimakon kuɗi da na tikitin jirgi da mahaifiyarsa ta karɓa daga wasu mutane. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Akwai kuma wani abu da ya ƙara fito da bambancin daga baya. A 2018 UConn ta kori Ollie bisa zargin karya dokokin NCAA, ta ce ba za ta biya shi ragowar kuɗin kwantiraginsa ba. Da yake shi mamba ne na ƙungiyar ƙwadagon malaman jami'ar, yana da yarjejeniyar da ta ba shi damar kai ƙara gaban mai sasantawa, kuma a watan Janairun 2022 aka umarci jami'ar ta biya shi sama da dala miliyan 11. Kocin yana da kwantiragi da ƙungiya da wurin kai kuka. Yaran da ya horar ba su da ko ɗaya, yunƙurin Northwestern ma ya mutu a 2015 lokacin da uwar hukumar ƙwadagon ta ƙi karɓar shari'ar.

Mu da aka rene mu da hadisin nan da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, bai kamata wannan magana ta yi mana wuyar ganewa ba. Amma masu kare tsohon tsarin suna da hujjoji, kuma ba duka ba ne na banza. Babbar hujjarsu ita ce an biya yaran da ilimi, domin karatun jami'a a Amurka yana cin dubban daloli a shekara, ɗalibai da yawa suna gamawa da bashin da za su yi shekaru suna biya, ɗan wasa kuwa ya fita ba bashi. Napier kansa ya gama digirinsa a fannin nazarin zamantakewa a watan Mayun 2014, ya cika alƙawarin da ya yi wa mahaifiyarsa. Da a ce haka abin yake ga kowa, da na rage zafin maganata. Amma alƙaluman da NCAA ta fitar a cikin wannan kaka sun nuna cewa cikin 'yan ƙwallon kwandon da suka shiga UConn tsakanin 2003 da 2006, kashi 8 cikin 100 kacal ne aka lissafa sun kammala. Ladan da kashi 8 kawai ke karɓa ba za a kira shi lada ba. Dokar ta ce kada atisaye da wasa su wuce awa 20 a mako, amma binciken da hukumar ta yi da kanta ya nuna 'yan wasan suna kashe sama da awa 30, a kan haka kuma ga tafiye-tafiye a tsakiyar zangon karatu. Watanni shida bayan kofin UConn, rahoton binciken da lauya Kenneth Wainstein ya jagoranta ya bayyana cewa a Jami'ar North Carolina an shafe shekara 18 ana ba da maki a wasu darussan da ba a shiga aji, ɗalibai kusan 3,100 suka amfana, kusan rabinsu 'yan wasa, domin dai su ci gaba da cancantar buga wasa. A 2017 NCAA ta ce ba ta da hurumin hukunta jami'ar a kan haka, tunda darussan a buɗe suke ga sauran ɗalibai ma. Wato jami'ar da ta nuna makinta na gaskiya an rufe wa yaranta ƙofa, wadda ta ƙirƙiri maki kuwa ta tsira har ta ci kofin 2017. Duk hukumar da ta yi waɗannan hukunce-hukunce biyu ta rasa bakin cewa ilimi take karewa.

Hujja ta biyu ta fi ta farko nauyi, ita ce kuɗin da ake gani ba riba ba ce. Yawancin sassan wasanni na jami'o'in Amurka asara suke yi, kuma abin da ƙwallon kwando da ƙwallon Amurka suka kawo shi ke ɗaukar nauyin ninƙaya da guje-guje da wasannin mata, waɗanda dokar 1972 da aka sani da Title IX ta wajabta a ba su dama daidai da ta maza. UConn kanta shaida ce: zuwa ƙarshen shekarun 2010 giɓin sashen wasanninta ya haura dala miliyan 40 a shekara, ana cike shi da kuɗin jami'a da na ɗalibai, a 2020 kuma ta sanar da rufe wasanni huɗu, sai da 'yan wasan tuƙa kwale-kwale mata suka kai ta kotu kafin ta mayar da nasu. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma duk wanda ke kiran a biya 'yan wasa dole ya amsa ta. Amsata ita ce giɓin bai taɓa hana a ƙara wa koci albashi ba, bai hana gina sababbin wuraren atisaye na miliyoyi ba, bai hana biyan kocin da aka kora ba. Sai an zo kan yaran ne ake tuna babu kuɗi. Idan kuma jami'a ta ga ya dace ta riƙe wasan tanis ko ninƙaya, abu ne mai kyau, amma ta biya daga aljihunta ko na masu ba ta gudummawa. Babu dalilin da zai sa yaro daga Roxbury ko Accra, wanda wataƙila shekaru huɗun nan su ne kaɗai lokacin da gwanintarsa za ta yi daraja a kasuwa, ya zama shi ne mai ɗaukar nauyin wasannin wasu ba da yardarsa ba. NBA tana zaɓar mutum 60 ne kawai a shekara daga duk duniya. An zaɓi Napier na 24 a 2014, amma yawancin abokan wasansa ba su taɓa jin an kira sunansu ba.

Akwai kuma masu cewa kuɗi zai kashe abin da ya sa ake son wasan, kuma a nan zuciyata takan ɗan karkata gare su. Abin da ya sa kakar 2014 ta shiga ran mutane shi ne wasu yara sun ƙi guduwa lokacin da gudu ya fi sauƙi, suka zauna tare shekara uku ko huɗu har kowa ya san inda ɗan'uwansa zai tsaya kafin ya tsaya. Yau da ɗan wasa ke iya sauya jami'a duk shekara yana bin wanda ya fi tayi, irin wannan ƙungiya tana wuyar samuwa, kuma wanda ya yi jami'a huɗu a shekara huɗu da wuya ya fita da digirin kirki. Na yarda an yi rashi. Sai dai amanar da Napier ya riƙe tana da daraja ne saboda yana da damar tafiya ya zaɓi zama. Masu horarwa kuwa tun da can suna barin yaran da suka ɗauko da alƙawari su koma inda aka fi biya, ba wanda ya ce sun kashe wasan. Idan ana son yara su zauna, hanyar a bayyane take: a ba su kwantiragin shekaru biyu ko uku, a rubuta abin da ke kan kowa, a tabbatar musu da kuɗin kammala digiri ko da sun ji rauni ko sun tafi sun dawo, kuma a yi yarjejeniyar da wakilansu. Wannan kuwa ba zai yiwu ba sai an amsa cewa ma'aikata ne, abin da jami'o'in har yanzu ke gudu.

Gyaran da aka samu tun daga lokacin kotu ce ta tilasta shi. A watan Agustan 2014 mai shari'a Claudia Wilken ta yanke hukunci a ƙarar Ed O'Bannon, tsohon ɗan wasan Jami'ar California da ke Los Angeles (UCLA) da ya ga siffarsa a wasan kwamfuta ba a biya shi ba, cewa dokokin NCAA sun saɓa wa dokar hana danne kasuwa. A watan Yunin 2021 alƙalan Kotun Ƙolin Amurka tara duka suka yi watsi da hujjar hukumar a shari'ar Alston, ɗaya daga cikinsu, Brett Kavanaugh, har ya rubuta cewa irin wannan tsari haramtacce ne ƙarara a kusan kowace sana'a a ƙasar. Daga 1 ga Yulin wannan shekara aka bar 'yan wasa su karɓi kuɗin talla da sunansu da hotonsu. A watan Yunin 2025 Wilken ta amince da sasantawar shari'ar House, inda za a biya diyyar kusan dala biliyan 2.8, kuma kowace jami'a za ta iya raba wa 'yan wasanta har kusan dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Diyyar ta shafi waɗanda suka yi wasa daga 2016 ne, saboda haka Napier da Giffey da Daniels da Boatright ba sa ciki. Boatright ya shiga cikin tsofaffin 'yan wasan da suka kai ƙara a kan yadda ake ci gaba da amfani da hotunan wasanninsu wajen tallata gasar, amma a watan Afrilun 2025 wata kotu a New York ta kori ƙarar bisa cewa lokacin shigar da ita ya wuce.

Saura waɗanda gyaran bai kai gare su sosai ba, kuma su ne suka fi kusa da mu. Tun da Hakeem Olajuwon, wanda daga baya ya zama tauraron NBA, ya bar Legas zuwa Jami'ar Houston a 1980, hanyar nan ba ta daina ɗaukar yaran Afirka ba. Masai Ujiri, tsohon shugaban ƙungiyar Toronto Raptors ta NBA, wanda ya tashi a Zariya, ta wata ƙaramar kwaleji a North Dakota ya bi, kuma sansanonin horon da ya kafa a 2003 sun tura yara da dama makarantun Amurka. Irin waɗannan yara da bizar ɗalibi suke shiga, bizar kuma ta hana su yawancin ayyukan samun kuɗi a cikin ƙasar. A 2023 UConn ta sake cin kofi, ta doke San Diego State da ci 76 da 59, gwarzon gasar kuwa shi ne Adama Sanogo ɗan Bamako, wanda ya buga wasannin ƙarshe a cikin watan Ramadan yana riƙe da azuminsa. Abokan wasansa Amurkawa suna da damar yin talla a karɓi kuɗi, shi kuwa yin hakan a cikin Amurka na iya jawo masa asarar biza, kuma da aka zo zaɓen NBA na shekarar ba a zaɓe shi ba. Oscar Tshiebwe ɗan Kwango, wanda aka zaɓa gwarzon ɗan wasan jami'o'i na 2022, sai da ƙungiyarsa ta Kentucky ta je wasannin share fage a Bahamas sannan ya samu damar ɗaukar hotunan tallarsa, saboda ya fita daga ƙasar. Jami'ar da ta iya tura mai farautar 'yan wasa har Bamako da Accra da Legas, ta iya shirya takardun shigo da yaro ɗan shekara 17, ba za ta ce ba ta da lauyoyi ko bakin magana a majalisar dokoki da za su nema masa izinin karɓar abin da takwaransa ke karɓa ba. Kafin a samu wannan, uban da aka zo neman ɗansa yana da haƙƙin ya ga an rubuta masa wanda zai biya kuɗin makaranta idan gwiwar yaron ta lalace a shekara ta biyu, da kuma ta wace halastacciyar hanya kasonsa na kuɗin da ake rabawa zai isa hannunsa.